Takalmin da ya huje a yawon neman ƙuri'a

Ina aji biyar a sakandare na tsaya takarar shugabancin ƙungiyar muhawara ta makarantarmu. Kuɗin tarata na mako biyu na kwashe na sayo alawa da biskit na raba wa 'yan ƙungiya. Kowa ya karɓa, kowa ya yi mini murmushi. Ranar zaɓe kuwa na sha ƙasa. Da na koma gida ina kumbure-kumbure, sai yayana ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Dubi wannan takalmin." Hoton wani tsohon takalmi ne, ƙasansa duk ya huje.

Mai takalmin ita ce Alexandria Ocasio-Cortez, 'yar Amurka. A shekarar 2018, tana da shekara 28, ta nemi tikitin jam'iyyar Democrat domin wakiltar wasu unguwannin Bronx da Queens na birnin New York a Majalisar Wakilai. Abokin karawarta, Joe Crowley, yana majalisar tun 1999, kuma babba ne a jam'iyyar. Kuɗin kamfen ɗinsa ya ninka nata sau da yawa. Ita kuwa ba da daɗewa ba ta bar aikin hidima a gidan cin abinci. Mahaifinta ya rasu a 2008 tana jami'a, mahaifiyarta ta yi aikin shara a gidajen mutane.

Saƙonta gajere ne: wanda yake aiki kullum bai kamata ya kasa biyan kuɗin haya ko na asibiti ba. Ta nemi a ƙara mafi ƙarancin albashi, a samar wa kowa inshorar lafiya, a kuma soke kuɗin karatu a jami'o'in gwamnati. Sannan ta ƙi karɓar gudummawa daga asusun siyasa na manyan kamfanoni, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta bi gida-gida tana ƙwanƙwasa ƙofa har takalminta ya huje. Ranar 26 ga Yuni, 2018, ta kayar da Crowley da ratar ƙuri'a kusan dubu huɗu. A Nuwamba ta zama mace mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa zaɓa zuwa majalisar.

Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Na gane cewa ban taɓa tambayar ko mutum ɗaya abin da ke damunsa a ƙungiyarmu ba. Wadda ta kayar da ni kuwa ta san 'yan ƙananan aji ba sa samun damar yin magana, kuma ta daɗe tana koya musu bayan an tashi. Alawata suka sha, amma ita suka amince wa.

Sai dai yayana ya ƙara mini da wani abu. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa tun 2009, kuma zuwanta majalisa bai canja shi ba, domin ƙuri'a ɗaya gare ta cikin 435. Ashe cin zaɓe somin-taɓi ne, cika alkawari shi ne jan aikin.

Yawancinmu nan da shekara biyu ko uku za mu karɓi katin zaɓe. Idan ɗan takara ya miƙo mini sabulu ko atamfa, zan tuna alawar da na raba, in tambaye shi: wa ya biya kuɗin wannan, kuma me ka yi masa alkawari?