Baƙuwar Dare a Bahar Maliya

Lokacin da nake karatu a Alƙahira, mun je hutu Wadil Jimal, gandun da Masar ta keɓe a gaɓar Bahar Maliya a 2003. Da dare na hangi macen kunkurun teku tana haƙa rami cikin yashi. Na haska ta da tocila, sai ta koma ruwa ba ta yi ƙwai ba. Mai gadin wurin ya ce, "Ɗana, haske ke korar uwa, shi ke ɓatar da 'ya'ya." Ashe ƙwai kusan 100 take binnewa, su ƙyanƙyashe bayan wata 2. Kunya ta kama ni. Tun daga ranar nakan kashe fitila, in tsaya nesa, in kwashe ledata.