Garin Katako Ma Kuɗi Ne

Babana kafinta ne a Tasawa. Shagonsa rumfar kwano ce a ƙofar gida, kuma tun ina ƙaramin ɗan lakwal aikina shi ne share garin katako da marece. Na fi shekara goma ina kwashe shi ina zubarwa, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komi ba.

Ku da kuka san ƙasarmu kun san ba mu da dajin katako. Gawon da ke gona ba a taɓa shi. Katakon aiki daga kudu yake zuwa, ya biyo ta Jibiya da Ɗan Isa ya shigo Maraɗi, kuɗin mota na hawa kansa a kowane zango. Baba yakan sayi mai kauri, santi 8, ya kai wa mai inji a tsaga masa falle-falle don ƙofar kabad da kan gadon amare. Injin mutumin mai faifai ne, kowane yanka yana cin mili 3 ko 4. Falle huɗu masu santi 1 da rabi muke samu, da wani siririn saura da ba ya aikin komi.

A farkon 2023 Baba ya sayar da san da ya yi shekara biyu yana kiwo, ya ce zai sayi injin kansa. Ni kuwa ga waya a hannu, na kwana uku ina bincike. Na gano zarto mai ɗamara: wuƙarsa siririyar ɗamarar ƙarfe ce da ke zagaya ƙafa biyu, sama da ƙasa, yankanta bai cika wuce mili 1 ba. Na yi lissafi a bayan littafin makaranta, falle biyar za su fita maimakon huɗu. Baba ya kalli takardar, ya kalli tulin garin da ke gefen rumfa, ya ce, "Ashe kuɗina kake sharewa tun kana yaro."

Muka tafi Maraɗi. Can na ga wani ƙaton inji na hannu, tsayinsa ya fi ni, na ce, "Baba, wanga za ku ɗauka." Bai ce mini komi ba. Ya juya ga mai sayarwa ya tambayi wace wuta yake sha. Aka ce mai layi uku, bolt 380. Gidanmu layi ɗaya ne, 220. Ya sake tambaya, in wuƙar ta tsinke wa zai haɗa ta? Domin ɗamarar nan dole wata rana ta tsinke, kuma ba kowane mai walda ya iya ɗinke ta ba. Sai ya ciro guntun katako daga aljihu ya gwada tsayin bakin ƙaramin injin da ke gefe. Santi 20 yake ɗauka. Ya ce, "Yawancin aikina bai wuce nan ba."

Raina bai so ba, amma ƙaramin muka ɗauka. Wuri ɗaya na ci gardama, wajen wuƙa. Wadda aka haɗo da ita siririya ce mai haƙora cunkus, ta yankan lanƙwasa. Tsaga na son wuƙa mai faɗi, mai haƙora tsilli-tsilli, kamar uku a inci, don garin ya samu hanyar fita. In ba haka ba ta yi zafi ta karkace ta ɓata katako. Baba ya ce, "To, ɗan lakwal, wannan taka ce." Muka sayi biyu.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka rufe iyaka. Wutarmu kuwa daga Katsina take zuwa ta Gazawa. Ƙaramin injin ya iya tashi da gurup ɗin maƙwabcinmu mai walda, abin da ƙaton ba zai taɓa yi ba. Sai dai katako ya yi wuya, ya yi tsada. Injin ya yi makonni a lulluɓe da buhu. Inna ta daina magana a kansa, shirun nata ya fi faɗa ciwo, don kuɗin san nan da shi aka so yi wa ƙanwata kayan ɗaki.

Baba ya shiga bin gidaje yana sayen tsofaffin ƙofofi da karyayyun gadaje. Mu cire ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, don ƙusa guda ta isa ta kashe wuƙa, sannan mu tsaga a hankali. Da kaka ta yi, wani manomi daga wajen Mayahi ya zo neman gado da kabad na ƴarsa. Daga tsohon katakon nan aka yi su. Kuɗinsa ne ya fara rufa mana asiri, kabad ɗin ƙanwata ma daga ragowar ya fito.

Har yau ni ke sharar rumfa in na zo hutu. Da can buhu nake cikawa. Yanzu kwano ɗaya ya ishe ni, shi ma Inna na karɓa ta hura wuta da shi.