Likitan da Ya Ƙi Yarda Linzami Ya Yi Nauyi

A birnin Melbourne na Ostireliya akwai wani likita mai suna Con Kolivas, wanda a da sana'arsa ita ce sa majinyaci barci kafin a yi masa tiyata. Rubuta manhaja kuwa sha'awa ce da yake yi a lokacin hutunsa. Abin da ya dame shi a Linux ƙarami ne a idon ƙwararru: idan kwamfuta tana wani aiki mai nauyi, sai linzami ya riƙa tsalle-tsalle a allo, waƙa ta riƙa yankewa, taga ta ƙi bin hannun mai jan ta.

Asalin matsalar rabon lokaci ne. Kowace ƙwaya ta ƙwaƙwalwar kwamfuta aiki ɗaya take yi a lokaci guda, amma tana sauyawa tsakanin ayyuka da sauri har mutum ya ɗauka tare ake yin su. Akwai wani sashe a zuciyar Linux da ke yanke wa za a ba dama yanzu, wa kuma zai jira. Shi ne mai rabon lokaci. Allon da aka saba da shi yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wato kowane hoto yana da kimanin kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. Idan mai rabo ya bar manhajar zane a layi fiye da haka, hoton ya wuce ke nan, kuma ido zai gani, komai ƙarfin na'urar.

Mai rabon da ya zo da Linux 2.6 a 2003 yana aiki da hasashe. Aikin da ya fi yawan zaman jira, sai a ɗauka da mutum yake hulɗa, a fifita shi. Hasashen yakan dace, yakan kuma kuskure, kuma idan ya kuskure mai zaune a gaban allo ne ke shan wahala. Kolivas ya shafe shekaru yana gyara wannan hasashe, daga bisani ya yanke cewa a bar shi ɗungurungum, a raba lokaci da adalci bisa ƙa'idar da ba ta canzawa. A farkon 2007 ya fitar da nasa mai rabon, RSDL, masu amfani da yawa kuma suka yaba.

Ba nasa aka ɗauka ba. Ingo Molnár, wanda ke kula da wannan sashe, ya rubuta wani mai suna CFS a kan tunanin adalcin nan, ya kuma ambaci cewa aikin Kolivas ne ya nuna masa hanya. CFS ya shiga Linux 2.6.23 a watan Oktoba na 2007, bayan Kolivas ya riga ya sanar da janyewarsa a watan Yuli. Kukansa shi ne an fi sauraron masu manyan na'urori na kamfanoni, domin yawan aikin da na'ura ta gama ana iya auna shi da lamba, alhali jinkirin da hannu ke ji yana da wuyar aunawa.

Haƙurinsa bai daɗe ba. A 2009 ya dawo da wani mai rabo, BFS, wanda ya tsara musamman domin kwamfutar gida, bai kuma nemi a shigar da shi babban rumbun Linux ba. Ya ci gaba da kula da irin wannan aiki shi kaɗai har 2021.

Ɗalibin Hausa zai lura cewa kalmar linzami daga doki aka aro ta. Mahayi ba ya yabon doki don nisan da zai iya yi a yini idan an ja shi bai juya ba. Abin da Kolivas ya yi ta nanatawa ke nan, kuma tunanin rabon adalci da ya kawo ya zauna a Linux shekara goma sha shida ta hanyar CFS, har aka maye gurbinsa a 2023.