Gadar Nihonbashi Da Masu Tallan Birnin Edo

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Japan, mu tsaya a kan wata gada a tsakiyar birnin Tokyo, wadda ake kira Nihonbashi. An fara gina ta da katako a shekarar 1603, lokacin da sunan birnin Edo. Sai a 1868 aka sake masa suna. A gefen gadar nan babbar kasuwar kifi ta ci har sama da shekara 300.

Edo gari ne da maza suka fi mata yawa. Tun daga 1635 doka ta tilasta wa hakiman ƙasar su riƙa zama a birnin shekara guda, su koma gida shekara guda. Barorinsu sukan biyo su ba iyali. A 1657 kuma wata babbar gobara ta cinye yawancin garin, sai magina da kafintoci suka kwararo daga ƙauyuka neman aiki. Kafin shekara 100 mutanen birnin sun kai wajen miliyan 1.

To, wa zai dafa wa gwauraye masu yawa haka? Ɗakunan haya ƙanana ne, na katako da takarda, kowa kuwa yana tsoron wuta. Masu talla ne suka ɗauki wannan nauyi.

Da asuba mai kifi yakan saro kaya a bakin gadar, ya rataya kwando biyu a sanda, ya saɓa a kafaɗa kamar yadda 'yan garuwa ke ɗaukar ruwa, ya bi lungu-lungu yana kira. Haka mai ganye, haka mai awara. Da dare sai mai taliya ya fito da murhunsa da kwanoninsa, leburan da ya tashi aiki ya ci a tsaye ya wuce. Wani kuma yana tsoma kifi cikin ƙullun fulawa ya soya, ya soke a tsinke kamar tsire. Hukuma ta sha hana yawo da wuta a titi, amma ciki ba ya jin doka, sana'ar ba ta mutu ba.

Wajen 1820 aka fara dunƙula shinkafa mai ɗan tsami a ɗora mata yankan kifi. Shi ne sushi, wanda yau ake saye da tsada a manyan otal na duniya. Asalinsa abincin mai sauri ne a bakin hanya.

Kasuwar kifin ta tashi daga wurin bayan girgizar ƙasa ta 1923, yanzu bankuna da manyan kantuna ne kewaye da gadar. Amma mu tuna, masu ƙaramin jari ne suka ciyar da hannuwan da suka gina birnin. Saboda haka yaron da aka biya masa kuɗin makaranta da ribar ƙosai, kada ya ji kunyar kaskon uwarsa.