Lafiyar Barebari: Garin da Hanya Ke Zaɓa wa Babur Taya

Duk matafiyin da ya taso daga Abuja a kan babur ya nufi Makurɗi, kafin ya hango rufin kwanon farko na garin Lafiya sai ya biya ta Keffi, ya kai Akwanga, sa'an nan ya karya kudu ya shiga ƙasar Eggon. A tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon ne hanya take hawa tana gangarawa, tana murɗewa a gindin duwatsu, kuma a nan ne akwai wata gangara da direbobi suka laƙaba wa suna da Turanci, Many Have Gone, watau "da yawa sun tafi". An faɗaɗa hanyar, an mai da ita tagwaye, amma duwatsun suna nan inda Allah ya ajiye su, damina kuma ba ta fasa sauka a kansu ba. Mai mota yana da ƙafa huɗu a ƙasa. Mai babur kuwa, abin da ke tsakaninsa da kwalta bai wuce tafin hannu biyu na roba ba, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma a kansu nauyinsa yake, da kayansa, da birkinsa, da ransa.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mahayin babban babur na doguwar tafiya, irin mai gudu ɗin nan da ake ɗaura wa akwatuna a gefe, ya iso Lafiya ya sauka ya tsuguna yana duban tayarsa ta baya kafin ma ya nemi ruwan sha.

Shi garin Lafiya tsohon zango ne. Barebari ne suka kafa sarautarsa a ƙarƙashin Muhammadu Dunama, shi ya sa ake ce masa Lafiyar Barebari. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, fatake suna kai da kawowa tsakaninta da Loko a bakin kogi. Daga baya layin dogo da ya taso daga Fatakwal zuwa Kafanchan ya ratsa ta garin. A ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, Lafiya ta zama hedkwata. Sarki Isa Mustapha Agwai ya riƙe garin tun daga 1974 har Allah ya yi masa rasuwa a 2019, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya yi alƙalanci a Kotun Ƙoli, ya gaje shi. A kasuwa mutum zai ji Hausa da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulatanci a rumfa ɗaya.

Amma abin da ya fi damun mai babur shi ne hanyoyin da suka fita daga garin. Akwai hanyar Jos wadda ya shigo ta kanta, akwai hanyar Makurɗi mai nisan kimanin kilomita 100, akwai ta Shendam da ta bi ta Assakio, akwai ta Doma, ga kuma wadda ke kai mutum Obi da Keana, garin gishiri, har Awe. Daga kowace ɗaya cikinsu ƙananan hanyoyin jar ƙasa sun ɓalle sun shiga gonakin doya da riɗi da shinkafa da agushi. Waɗannan hanyoyi babur ne sarkinsu, amma ba babur ɗin matafiyin ba. Bajaj Boxer ne, da 'yan uwansa na Indiya da Sin, waɗanda 'yan acaba ke ɗora wa buhu biyu da mutum ɗaya su shige daji. Tayoyin da ke rataye a shagunan kayan babur na Lafiya don su aka kawo su: siririya mai lamba 2.75-17 a gaba, da 3.00-17 a baya, kowace da tuf a cikinta.

A nan ne tarko na farko yake. Babban babur na tafiya shi ma yawanci wilinsa inci 17 ne, kamar na ɗan acaba. Mai shago da bai saba da irinsa ba zai iya duba lambar ƙarshe ya ce, ai maigida sha bakwai ce, akwai ta. Ba ƙarya ya yi ba, amma ba ita ba ce. Abin da aka fi rubutawa a jikin tayar irin wannan babur shi ne 120/70 ZR17 a gaba, da 180/55 ZR17 a baya. Lambar farko faɗin taya ce da milimita. Ke nan ta baya ta ninka ta ɗan acaba faɗi sau biyu da ɗoriya. Lamba ta biyu tsayin gefen taya ce, kashi 70 ko 55 cikin ɗari na faɗinta. Harafin R yana nufin zaruruwan cikinta a gicciye suke daga baki zuwa baki, wadda ita ce ƙirar da ta shigo duniyar babur a shekarun 1980, kuma ita ke sa taya ta rage ɗaukar zafi in ana gudu mai tsawo. Sai kuma wata lamba da harafi a ƙarshe, misali 58W ko 73W. Lamba 58 na nufin tayar za ta ɗauki kilo 236, lamba 73 kuwa kilo 365. Harafin shi ne iyakar gudu: S kilomita 180 a sa'a, H 210, V 240, W kuma 270. Ba wai ana zuga kowa ya kai wannan gudu a hanyar Makurɗi ba ne, inda akuya da mai turin baro suke da nasu haƙƙin. Abin nufi shi ne tayar da aka ƙera don jure wannan, ba za ta gaji ba a kilomita 100 a sa'a cikin zafin watan Maris, mutum biyu a sama, akwatuna cike.

Wanda ya ga ba a samu daidai lambarsa ba, sau da yawa sai zuciya ta raya masa ya sa wadda ta ɗan fi faɗi, wai ma ta fi kyan gani. Kuskure ne. Taya mai faɗi in aka matsa ta a wilin da bai kai ta ba, sai ta tsuke ta yi tozo, abin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru, babur kuma ya riƙa faɗa wa kwana ba da shawarar mai shi ba.

Tarko na biyu ya fi na farko daɗin baki, shi ne tokumbo. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, ko da yake itacen roba bai daina tsiyaya a Edo da Delta da Kuros Riba ba. Tun daga lokacin galibin tayoyin kasuwa daga waje suke zuwa, kuma na babban babur sababbi suna da tsadar da ke sa mutum ya yi shiru. Hukumar Kwastan ta sa tsofaffin tayoyi cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, amma duk da haka suna shigowa. Tayar babur da wani ya cire a Turai takan iso da sauran zane a jikinta, an wanke ta an shafa mata baƙi tana ƙyalli. Abin dubawa ba ƙyallin ba ne. A gefen kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Tana bushewa, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa a tsakanin zane. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunnen direbobi cewa shekara huɗu ne wa'adin taya, masu ƙerawa kamar Michelin kuwa suna cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara, kada kuma ta wuce goma. Ko wanne mutum ya bi, tayar da ta yi shekara shida, ta kuma sha rana a bakin shago, ba abokiyar hawan duwatsun Eggon ba ce ranar ruwa. Har ila yau, babu mai iya faɗin dalilin da ya sa mai ita na farko ya rabu da ita.

To, in an samu sabuwa, wace iri? Nan ne ya kamata mutum ya bar ƙasar ta yi magana. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa yake sauka a Lafiya, kuma ruwan farko shi ne mugu, domin yana tarar da ƙurar rani da man da manyan motoci suka ɗiga ya dama su a kan kwalta. Daga Fabrairu zuwa Maris kuwa kwaltar kanta kamar tanda take. Tayar tsere mai laushi tana kama ƙasa ƙwarai, amma doguwar hanya miƙaƙƙiya irin ta Lafiya zuwa Makurɗi za ta cinye mata tsakiya ta bar gefe, ta zama mai kusurwa kamar bulo, kuma zanenta kaɗan ne, ba ya korar ruwa sosai. Tayar tafiya ta gaskiya, irin wadda Michelin da Pirelli da Metzeler da Bridgestone da Dunlop ke yi, roba biyu ake haɗa mata a ta baya: mai tauri a tsakiya don nisa, mai laushi a kafaɗu don kwana, a kuma zuba mata sinadarin silika wanda ke taimaka mata ta riƙe jiƙaƙƙiyar hanya. Ga mai bin kwalta daga Abuja ko Jos zuwa Binuwai, wannan ita ce zaɓi, kuma gara a sauya gaba da baya tare, ƙirar kamfani ɗaya, don tare aka zana su.

Wanda kuwa yake da niyyar sauka daga kwalta ya bi jar ƙasa zuwa ƙauyukan Doma ko Keana cikin watan Agusta, akwai tayoyi masu ɗan manyan haƙora da ake yi a wannan lamba, rabi kwalta rabi burji. Suna taimakawa. Amma gaskiyar magana ita ce babur mai nauyin kilo 250 da ƙaramin tsayi daga ƙasa ba don taɓo aka yi shi ba, kuma ba kunya ba ne mutum ya ajiye shi a gari ya hau bayan ɗan acaba.

Saura mai faci. A Lafiya, kamar ko'ina, yana nan a gindin bishiya da injin iskarsa da bahon ruwa da ƙarafan ɓanɓara, kuma ya fi kowa sanin ƙusoshin garin. Sai dai hannunsa ya saba da wilin ƙarfe da tuf, wilin babban babur kuwa na alminiyam ne, tayarsa ba ta da tuf, bakin wilin ne ke riƙe iska. Ƙarfe ɗaya in ya karce shi, iska za ta riƙa sulalewa har abada. Don haka mai babur ya tsaya a kansa, da ladabi, ya roƙi a sa tsumma ko yankin roba a ƙarƙashin ƙarfen. Ya duba kibiyar da ke jikin taya, wadda ke nuna inda za ta juya, don in an sa ta a baibai zanen zai riƙa tara ruwa maimakon korarsa. A sauya bawul tare da taya. Sa'an nan iska: ba a auna ta da babban yatsa ko da dukan ƙarfe. Yawancin irin waɗannan babura suna son 36 a gaba da 42 a baya a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi, amma abin da aka rubuta a jikin babur ɗin shi ne hukunci, kuma da safe ake aunawa tun taya tana da sanyi. Gejin aljihu ba shi da tsada. Idan ƙusa ta shiga tsakiyar taya, ana iya toshewa a lallaɓa zuwa gari. Idan a gefe ta shiga, tayar ta gama aiki, ko da jiya aka saye ta.

Mafi yawan lokaci, ƙarshen zancen shi ne tayar ba ta Lafiya. Sai an buga waya Abuja ko Legas, a ɗora ta a motar haya, a jira ta a tasha. Matafiyin da ya yi niyyar shan ruwa kawai sai ya kwana biyu: ya ga ƙofar fadar Sarki, ya ci sakwara da miyar agushi, ya ji yadda ake cinikin shanu a Shinge. Ran da tayar ta iso aka ɗaura, ba a gama ba tukuna, domin sabuwar taya santsi gare ta, sai ta yi kimanin kilomita 150 ana bin ta a hankali, ba jan birki da ƙarfi, ba kwanciya a kwana. Makurɗi ba ta kai haka ba. Ke nan zai wuce Agyaragu yana kallon tulin doya a bakin hanya, 'yan acaba suna shige shi suna waiwaye, ya haye gadar Binuwai da sauran kilomita hamsin a kansa.