Maɓallin Da Ya Ɓace

A dogon hutun da ya wuce yayana ya ara mini kwamfutarsa, na buɗe Roblox Studio da niyyar gina wasan tseren motoci. Shimfiɗa hanya bai ba ni wuya ba. Abin da ya ci mini kwana huɗu shi ne ɗan maɓalli guda mai rubutun "Fara", wanda mai wasa zai taɓa kafin motoci su tashi. Sai da na koyi ɗan abin da ya samu na Luau, harshen da ake ba Roblox umarni da shi, wanda ya fito daga Lua da aka ƙirƙiro a Brazil a 1993. Ranar da na danna motoci suka tashi, har ihu na yi.

Da yamma na tara ƙannena, na cika musu baki, na miƙa wa ƙanwata wayar Mama ta gwada. Ga hanya, ga motoci, babu maɓalli! Suka yi ta dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Ashe laifina ne. Roblox na da awo iri biyu na ajiye abu a allo: ƙidayar ɗigo, da kason faɗin allo. Ni na ce maɓallin ya zauna ɗigo 1,000 daga hagu, allon wayar kuwa bai kai nan ba. Na share, na sa 0.5, wato rabin kowane allo, babba ko ƙarami.

Washegari maɓalli ya fito. Ƙanwata ta cinye ni sau uku a jere, tana kuma ƙorafin wai ya yi wa babban yatsanta ƙanƙanta.