Kiɗan Kuba a rediyo

Ɗan'uwa mai karatu, in ka murɗa rediyo ka ji kiɗan salsa, kada ka yi saurin wucewa. Kasa kunne ga gangunan.

Ni dai, in na ji su, sai in tuna mutanen Afirka da aka kwashe zuwa tsibirin Kuba, suna bauta a gonakin rake. Sai a 1886 aka hana bauta a can. Jikokinsu suka gama ganga da jitar mutanen Sifen. Daga baya, a birnin Niyu Yok na Amurka, sunan salsa ya bi kiɗan.

A 1993, mawaƙan Senegal da makaɗan Niyu Yok suka hito da faifai, da sunan Africando. Ka ga kiɗa ya komo gida. Ka ba ƴaƴanka wannan labari.